Saiwar Waken Suya da Buhun Yuriya

 Mas'alar da muke son warwarewa a sharhinmu na yau ta ƙarƙashin ƙasa ce, wadda ido ba ya ganinta amma aljihu yana jin nauyinta, wato ko ya halatta a hukuncin noma mutum ya zuba wa waken suya takin yuriya kamar yadda yake zuba wa masara, ko kuwa yin haka almubazzaranci ne da dukiya, har ma da cutar da shukar da ake nufin a taimaka.

Dalilin ɗauko wannan magana a yanzu ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka ƙulla sulhu da 'yan bindiga, har Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari a watan Nuwamba na 2024 aka sake buɗe kasuwar kara bayan ta yi shekaru a rufe, mutane da yawa waɗanda tsoro ya tsare su a gonakin bayan gari suka fara ɗaga ido suna duban gonakinsu na nesa, na wajen dajin Kamuku da na gefen hanyar Funtuwa, waɗanda suka koma saura ba da son masu su ba. To, amma sun koma ne a zamanin da buhun taki ya yi tsadar da bai taɓa yi ba, alhali kuwa jarin da yawansu ya tafi wajen fansar 'yan'uwa da ciyar da iyali a zaman gudun hijira. Saboda haka duk tiyar takin da za ta fita daga hannun manomi, wajibi ne ya san inda za ta je da abin da za ta aikata idan ta isa.

Bari mu fara da buƙatar shukar kanta. Ƙwayar waken suya, wadda matanmu ke mayarwa awara da madara da daddawa, kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyinta furotin ne, shi kuwa furotin ba ya ginuwa sai da sinadarin da masana ke kira naitirojin. An ƙiyasta cewa kafin gona ta ba da tan guda na waken suya, sai shukar ta sha kimanin kilo 80 na wannan sinadari. Buhun yuriya mai kilo 50 kuwa, da yake kashi 46 cikin ɗari ne nasa naitirojin, kilo 23 kacal yake ɗauke da shi. Ke nan da a ce daga buhu kaɗai wake zai ci, da sai an ba shi wajen buhu uku da rabi a kan kowane tan, ko da ba a yi lissafin abin da ruwa zai wanke da wanda iska za ta kwashe ba, da kuwa ba wanda zai noma shi ya ci riba. Amma Ubangiji cikin hikimarsa ya hore wa saiwar wannan shuka hanyoyi biyu na samun abincinta, ɗaya ta tarayya da masara da dawa da sauran tsirrai, ɗaya kuwa ta keɓanta ga dangin wake da gyaɗa, kuma dukkan mas'alarmu ta yau tana rataye ne a kan yadda hanyoyin nan biyu suke zama da juna.

Hanya ta farko ita ce ta naitiret. Idan aka zuba yuriya a ƙasa mai laima, ko kashin shanu da ganyaye suka ruɓe, abin da ke fitowa da farko amoniya ce, sa'an nan waɗansu ƙwayoyin bakteriya na cikin ƙasa, waɗanda Sergei Winogradsky, mutumin Rasha, ya bayyana aikinsu wajen 1890, su juya ta zuwa naitiret cikin 'yan kwanaki idan akwai ɗumi kamar namu. Shi naitiret ɗin nan ɗabi'arsa ita ce ba ya manne wa ƙasa, duk inda ruwa ya nufa nan yake bi, shi ya sa mamakon watan Agusta kan gangara da shi ƙasa inda saiwa ba ta kai ba. Saiwa kuwa ba shan sa take yi kamar yadda tsumma ke shan ruwa ba. A jikin 'yan siraran gashinta akwai waɗansu kafofi na musamman, waɗansu don lokacin ƙaranci waɗansu don lokacin yalwa, kuma ba sa jawo shi ciki sai da ƙarfin da saiwar ta samu daga ƙona sukarin da ganye ya aiko mata, wanda shi kuma ba ya ƙonuwa sai da iska. Wannan ne sababin da ya sa waken da ruwa ya kwanta masa a fadama yake yin rawaya ko da an cika shi da taki, domin saiwar da ba ta numfashi ba ta ci.

Idan naitiret ya shiga saiwa, ɗayan abu uku ke samun sa: ko a ajiye shi cikin 'yan jakunkunan ruwa na ƙwayoyin saiwar don wata rana, ko a ɗora shi a kan ruwan da ke hawa ta jijiyoyin kara zuwa ganye, ko kuwa a sarrafa shi nan take. Sarrafawar kuwa tilas ce a ko'ina aka yi ta, domin shuka ba ta iya gina furotin da naitiret yadda yake, sai ta mayar da shi baya zuwa amoniya, a matakai biyu. A mataki na farko wani inzayim, wato irin sinadaran nan da ke gaggauta aiki a jikin mai rai, yana cire masa ƙwayar iskar oksijin guda ya zama naitirait. Wannan inzayim a cikinsa akwai ɗan ƙarfen molibdinam, wanda shuka ke buƙata kaɗan ƙwarai amma in babu shi aiki ya tsaya, kuma abin sha'awa, daga ganyen waken suya ne waɗansu malamai biyu na Amurka, Harold Evans da Alvin Nason, suka fara fitar da shi a tsirrai a 1953. A mataki na biyu wani inzayim dabam ya karɓi naitirait, wanda dafi ne ga shuka idan ya taru, ya mayar da shi amoniya, ita ma ba a bari ta kwana, nan da nan ake ɗaure ta a jikin abin da aka samo daga sukari, ta zama gulutamin da gulutamet, daga su kuma ake reshe zuwa sauran tubalan furotin.

To, wane rabo saiwa take da shi a cikin wannan aiki? Abin da bincike ya tabbatar shi ne, tsirrai sun bambanta: waɗansu dangin wake na ƙasashen sanyi sukan gama yawancin sarrafawar tun a saiwa matuƙar naitiret bai yi yawa ba, amma waken suya, kamar yawancin danginsa na ƙasashen zafi, mafi yawan abin da saiwarsa ta ɗauka tana tura shi sama ne, ta riƙe ƙarami ta sarrafa don buƙatar kanta. Hikimar haka a fili take ga mai tunani, domin mayar da naitiret amoniya aiki ne mai cin ƙarfi, ganye kuwa yana cikin rana yana karɓar ƙarfin kai tsaye daga haske, alhali saiwa tana cikin duhu, duk abin da za ta kashe sai an sauko mata da shi sukari daga sama. Saboda haka babban aikin saiwa a nan ɗauka ne da ajiya da isarwa, kuma da wani aiki na huɗu wanda ya fi waɗannan tasiri ga manomi, wato ita ce ke fara sanin ko ƙasa tana da naitiret ko ba ta da shi, kuma a bisa wannan sani ake yanke hukunci a kan hanya ta biyu.

Hanya ta biyu duk wanda ya taɓa tuge waken suya a tsakiyar damina ya ga alamarta, wato 'yan ƙullutai kamar ƙwayar dawa ko fiye, manne a jikin saiwa. Waɗansu sukan ɗauka cuta ce, alhali su ne arzikin gonar. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, amma a ɗaure take ɗaurin da babu mutum ko dabba ko tsiro da ke iya kwancewa da kansa. Ɗan Adam bai iya kwance ta da yawa cikin araha ba sai da Fritz Haber ya gano hanya a Jamus a 1909, Carl Bosch kuma ya mayar da ita masana'anta a 1913, da zafi mai tsanani da matsi mai yawa, kuma da wannan hanya ce har yau masana'antar Dangote da ke Lekki da ta Indorama da ke Eleme suke ƙona iskar gas suna yin yuriyar da muke saye. Abin da waɗannan manyan injuna ke yi da wuta, shi wata ƙwayar bakteriya mai suna Bradyrhizobium take yi a cikin ƙullutun nan, a sanyin ƙasa, ba hayaƙi ba ƙara. Hermann Hellriegel da Hermann Wilfarth ne suka kafa hujja a kan haka a 1886, Martinus Beijerinck na ƙasar Holan kuma ya ware irin wannan ƙwayar a 1888, ko da yake manoman ƙasar Hausa sun daɗe suna haɗa gero da wake a kunya ɗaya tun ba a haifi kakannin waɗannan malamai ba.

Mu'amalar da ke tsakanin shukar da ƙwayar, in mai karatun fiƙihu ya dube ta, sai ya ce ijara ce cikakkiya da sharuɗɗanta. Saiwa ce ke fara kira, da wani sinadari da take fitarwa. Ƙwayar ta amsa da nata. Gashin saiwa ya lanƙwashe ya rufe ta, a yi mata hanya zuwa ciki, a gina mata ɗaki. Lada kuwa sukari ne, aiki kuma kwance naitirojin na iska a miƙa wa maigida. Da yake inzayim ɗin da ke wannan kwancewa iskar oksijin tana lalata shi, ita kuma ƙwayar ba ta rayuwa sai da numfashi, sai shukar ta cika ɗakin da wani jan sinadari ɗan'uwan wanda ke cikin jininmu, wanda wani masani ɗan Japan, Kubo, ya gano a 1939, shi ke riƙe iskar yana ba da ita daidai gwargwado. Don haka idan ka tsaga ƙullutu da farce ka ga cikinsa ja ko ruwan hoda, ma'aikaci yana bakin aiki. In fari ne bai fara ba ko ba shi da amfani. In kore ne ko ya yi baƙi, ya riga ya ajiye aiki. Amma ladan nan ba ƙarami ba ne, ya fi abin da shuka ke kashewa wajen ɗaukar naitiret da yake a kwance, kuma babu maigidan da zai ci gaba da ciyar da ɗan ƙodago alhali ga abin da ya ɗauke shi dominsa ana kawo masa har gida a ɓagas.

Nan ne fa yuriya take yin ɓarnarta. Idan naitiret ya yi yawa tun shuka tana ƙarama, saiwa takan rage kiran, ƙullutai su fito kaɗan. Idan kuwa sun riga sun fito, sai su daina girma, aikinsu ya yi rauni. Takuji Ohyama da almajiransa a Jami'ar Niigata ta Japan sun nuna cewa girman ƙullutu yana tsayawa cikin yini guda da zuba naitiret, kuma yana komawa idan aka janye shi, kuma illar ta fi tsanani a ɓangaren saiwar da naitiret ya taɓa. Game da yadda abin yake faruwa malamai sun yi saɓani: waɗansu sun ce sukari ne ake karkatarwa daga ƙullutu zuwa saiwar da ke ɗaukar naitiret, waɗansu sun ce ƙofar iska ce ake ƙuntata wa ƙullutun, waɗansu kuma sun ce abin da ke fitowa daga naitirait ne yake kama jan sinadarin nan ya hana shi aiki, a ganina babu abin da ya hana ukun su taru, ko da yake zance na farko ya fi kwanta mini. Wani abin mamaki kuma ya fito daga Ostareliya a 1985, inda Peter Gresshoff da abokan aikinsa suka samo wani irin waken suya da ke cika saiwarsa da ƙullutai ko da naitiret ya yi yawa. Da suka yi wa tsirrai aure, suka ɗora kan wannan a bisa saiwar wancan, sai ta bayyana cewa adadin ƙullutai daga ganye ake ƙayyade shi, saiwa tana aika labari sama, umarni yana saukowa. Irin nan kuwa bai fi sauran yabanya ba, domin yawan ma'aikatan ya cinye abincin gidan.

Kada mai sauraro ya fahimci cewa naitiret maƙiyin waken suya ne. James Harper na Illinois a Amurka ya nuna tun shekarun 1970 cewa hanyoyin nan biyu karɓa-karɓa suke yi: amfani da naitiret yana kai ƙololuwarsa wajen lokacin fure, aikin ƙullutai kuwa sai bayan haka, lokacin da kwanso ke cika ƙwaya, wato daidai sa'ar da buƙata ta fi tsanani kuma ƙasa ta riga ta ƙare abin da ke cikinta. A makonni biyu ko uku na farko, kafin ƙullutai su kama aiki, tsiro yana rayuwa ne da guzurin da ke cikin ƙwayar iri da ɗan naitiret na ƙasa, shi kuwa wannan yakan samu da kansa, domin ruwan farko idan ya sauka a kan ƙasar da ta sha rani yakan tayar da ruɓewa, naitiret ya yunƙuro gaba ɗaya. A gonar da ta gaji ƙwarai, ɗan kamfa kaɗan lokacin shuka ba laifi ba ne. Abin da nake inkari shi ne al'adar nan ta mutum ya ga ganyen wake ya ɗan yi fari a mako na uku, ya ruga ya watsa masa yuriya, ganye ya yi kore shar, ya yi murna, bai san ya sayi da kuɗinsa abin da iska za ta ba shi kyauta ba, kuma ya raunana ma'aikatan da zai nema a watan Satumba, lokacin da ruwa ya riga ya wanke yuriyar.

Kuɗin da aka tsimi daga yuriya, inda ya kamata ya tafi shi ne takin sufa mai ɗauke da fosfaras. Ƙasarmu ta wannan yanki matalauciya ce wajen fosfaras, shi kuwa ƙullutu ba ya aiki sai da shi, domin da shi ake ɗaukar ƙarfi a cikin ƙwayar halitta. Malaman gona sukan ba da shawarar kimanin buhu 3 a hekta, a binne shi lokacin shuka kusa da iri, ba a watsa a sama ba, tun da shi ba ya tafiya da ruwa kamar naitiret. Sai kuma iri. Waken suya ya shigo Nijeriya tun 1908, ya fara kafuwa a ƙasar Tibi ta Binuwai, amma ire-iren da aka riƙa kawowa daga Amurka ba sa ƙulla hulɗa sai da tasu ƙwayar bakteriya ta musamman, wadda ƙasarmu ba ta da ita. Masu bincike na cibiyar IITA da ke Ibadan ne suka yi ijtihadi suka fitar da irin da ake kira TGx, kamar TGx 1448-2E da TGx 1835-10E, waɗanda ke karɓar ƙwayoyin da suka saba zama da wakenmu na gida, cibiyar IAR ta Samaru ita ma ta fitar da nata masu suna Samsoy. Duk da haka gwaje-gwajen shirin N2Africa, wanda ya fara a 2009 ya kuma yi aiki a Kano da Kaduna, sun nuna cewa shafa wa iri garin bakteriya irin su NoduMax, musamman tare da sufa, yana ƙara amfani a yawancin gonaki. Sharaɗinsa kawai a tuna abu ne mai rai: a dama shi da ruwan ƙaro, a shanya irin a inuwa, a shuka a ranar, kada a bar ƙunshin a kan tankin babur cikin rana. Wanda ke shakkar a noma wake ba yuriya, ya dubi Burazil, wadda ta fi kowace ƙasa noman waken suya a yau, kuma kusan dukkansa da wannan gari ake yinsa. A kan wannan aiki ne aka ba malamarsu Mariangela Hungria babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2025.

Daga wannan bayani ne nake fitar da ra'ayina game da rabon gonaki a Magajin Gari ta Birnin Gwari. Gonakin bayan gari, waɗanda aka yi ta nanata musu masara shekara da shekaru saboda ba a iya zuwa nesa, sun gaji, naitiret ɗinsu ya yi ƙaranci, wuta-wuta kuma ta sami gindin zama a da yawansu. Waɗannan su ne mahallin waken suya, domin ƙarancin nan shi ke tilasta wa saiwa ta riƙe ƙullutanta, kuma saiwar waɗansu ire-irensa tana yaudarar ƙwayar wuta-wuta ta tsiro ba ta sami abin kamawa ba ta mutu. Saurukan nesa kuwa, da suka huta suka tara ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi, masara ce ta fi cancanta da su a shekarar farko, ita da ba ta da wata hanya sai ta naitiret. Baɗi sai a juya.

Saura magana guda, ta lokacin kaka. Kada a zaci waken suya yana barin dukkan abin da ya samo a gona, domin mafi yawansa yana tafiya cikin buhu zuwa kasuwa. Abin da masarar baɗi za ta gada shi ne saiwa da ƙullutai da ganyen da ya kakkaɓe. Wanda ya tuge wakensa da saiwa ya kai masussuka, sa'an nan ya cinna wa ƙaiƙayin wuta, ya fitar da wannan ɗan gado daga gonar, wutar kuma ta mayar da naitirojin ɗin iska inda ya fito. A yanke shi da lauje daga gindi, a bar saiwa a kunya, ƙaiƙayin kuma a ba tumaki da awaki, a kwaso takinsu da bazara a mayar gona kafin huɗa.